Dogara ga Tanadin Allah a Rayuwar Kirista ta Yau da Kullum

Dogara ga tanadin Allah ita ce amincewar mai bi cewa Allah ya san bukatunsa na ci da sha da sutura da muhalli da lafiya, kuma shi ne mai biyansu a lokacin da ya ga dama, ta hanyar da ya zaɓa. A koyarwar Kirista wannan amincewa tana tsaye ne a kan dangantakar uba da ɗa: wanda ya halicci mutum, ya kuma fanshe shi ta wurin Yesu Almasihu, ba zai yi watsi da shi a kan abincin bakinsa ba. Bahaushe ya daɗe yana cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, maganar da Kirista da Musulmi suke faɗa a kasuwa ɗaya, ko da yake kowa yana fassara ta bisa littafinsa.

Abu uku ne suka fi fitowa fili idan aka bi Littafi Mai Tsarki a kan wannan batu. Tanadin yakan zo daidai da bukatar yini. Yakan biyo ta hanyoyin da aka saba, wato aikin hannu da taimakon 'yan'uwa. Sannan wanda aka yi wa tanadi ana sa ran shi ma ya zama hanyar tanadi ga wani.

Tushen koyarwar a Tsohon Alkawari

Labarin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin Fitowa sura 16. Isra'ilawa sun bar Masar sun shiga jeji, guzuri ya ƙare, suka yi wa Musa da Haruna gunaguni. Sai aka saukar musu da manna kowace safiya, da ƙa'ida mai tsauri: kowane mutum awo ɗaya, kimanin mudu guda, kuma kada a bar saura ya kwana. Waɗanda suka ɓoye don gobe sun tarar ya yi tsutsa yana wari. Ranar shida kaɗai aka yarda a ɗebi ninki biyu saboda hutun Asabar, kuma wannan bai lalace ba. Haka aka yi shekara arba'in. Littafin Joshuwa sura 5 ya nuna cewa mannar ta yanke ne bayan sun ci amfanin ƙasar Kan'ana, wato da gona ta samu sai abin al'ajibi ya ja baya, tanadi ya koma bin hanyar noma. Maimaitawar Shari'a sura 8 ta bayyana dalilin wannan horo, ta kuma gargaɗe su kada su ƙoshi su gina gidaje masu kyau sannan su ɗauka ƙarfin hannunsu ne ya tara musu dukiya.

Sauran labaran sun nuna yadda hanyoyin suke bambanta. A Farawa sura 22 Ibrahim ya sami rago a sarƙaƙiya a kan dutsen Moriya, aka yi hadaya da shi a madadin Ishaku. A zamanin sarki Ahab, lokacin da fari ya kama ƙasa, hankaki ne suka riƙa kai wa annabi Iliya abinci a rafin Kerit, har rafin ya ƙafe. Daga nan aka aike shi Zarefat ta ƙasar Sidon, wurin wata gwauruwa da ba ta da komai sai ɗan gari da ɗan mai da take shirin dafa wa kanta da ɗanta na ƙarshe. Garin da man ba su ƙare ba har aka yi ruwa, amma babu inda aka ce sun cika rumbu.

Shari'ar Musa ta mai da wannan koyarwa dokar gona. Littafin Firistoci sura 19 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, ya kuma hana shi komawa yin kala, domin rabon matalauci da baƙo ke nan. Da wannan doka ce Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza a Baitalami. A Karin Magana sura 30 kuma akwai addu'ar Agur, wanda ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci ko dukiya mai yawa, sai dai abin da zai ishe shi, don kada ƙoshi ya sa ya manta da Allah, kada kuma yunwa ta kai shi ga sata.

Koyarwar Yesu

A addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda take cikin Matiyu sura 6 da Luka sura 11, roƙon abinci ya tsaya ne a kan na yini ɗaya, kuma da bakin jam'i aka yi shi. Mai addu'a yana roƙa wa kansa da sauran jama'a a lokaci guda, don haka ba zai yiwu ya gama addu'ar ya rufe ido ga maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba.

A ƙarshen surar ta Matiyu Yesu ya yi magana a kan damuwa. Ya ja hankalin masu sauraronsa ga tsuntsaye da ba su da gona ko rumbu amma suna ci, da furannin jeji da adonsu ya fi na Sulemanu, ya nuna cewa damuwa ba ta ƙara wa mutum komai a rayuwarsa, ya umarce su su sa mulkin Allah da adalcinsa a gaba. Ya kamata a tuna da waɗanda ake yi wa maganar: masunta da ƙananan manoma da 'yan ƙwadago na Galili, waɗanda ake biyansu lada da yamma, suna kuma biyan haraji ga masu mulki. Mutane ne da suka san yunwa da idonsu. Abin da aka hana su shi ne fargabar da take cinye zuciya har ta hana barci da sujada da kyauta, ba tunanin gobe irin na mai hankali ba.

Misalin wawan mai arziki a Luka sura 12 ya taɓo ɗaya gefen. Gonar mutumin ta yi albarka, ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, ya zauna ya ci ya sha, sai aka karɓi ransa a daren. Laifinsa shi ne ya ɗora ransa a kan abin da ke cikin rumbun, kuma a duk shirinsa bai ambaci Allah ko wani ɗan Adam ba. Ciyar da mutum dubu biyar, wanda shi ne abin al'ajibin da dukan littattafan bishara huɗu suka kawo, ya fara ne da gurasa biyar da kifi biyu, waɗanda bisharar Yahaya ta ce na wani yaro ne. Bayan kowa ya ƙoshi aka tattara ragowar kwando goma sha biyu, domin yalwa ba ta halatta ɓarna. Washegari da taron suka biyo shi saboda gurasar, Yesu ya tsawata musu, ya nuna cewa babbar kyautar ita ce shi kansa.

Aiki, shiri da ajiya

Dogara ba ta soke aiki. Karin maganar nan ta "Allah ya ce tashi in taimake ka" ba aya ba ce a Littafi Mai Tsarki, kodayake mutane da yawa suna zaton haka, amma gargaɗin da take yi wa malalaci ya yi daidai da abin da manzo Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa, inda ya hana ciyar da wanda ya ƙi aiki da gangan. Shi kansa Bulus maɗinkin tanti ne. A Koranti ya zauna da Akila da Bilkisu suna sana'a ɗaya, yana wa'azi yana kuma ci da guminsa.

Haka nan ajiya ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ce. Yusufu ya ba Fir'auna shawarar a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, abin da ya ceci Masar da gidan Yakubu a shekaru bakwai na yunwa. Karin Magana sura 6 ta tura rago ya je ya koyi darasi wurin tururuwa mai tara abinci da kaka. Bambancin Yusufu da wawan mai arziki yana ga manufar rumbun: ɗaya ya tara don a rayu, ɗaya ya tara don ya wadatu shi kaɗai. Wasiƙar Yakubu sura 4 ta ba da ma'auni ga 'yan kasuwa masu tsara tafiya da riba, cewa su yi shirinsu amma su rataya shi ga yardar Ubangiji, tun da ba su san abin da gobe za ta haifa ba.

Ikilisiyoyin arewacin Najeriya sun aiwatar da wannan fahimta a aikace. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara shirin Faith and Farm a yankin Filato ƙarƙashin mishan ta SUM, inda aka horar da manoma masu bi a kan noma da shanu, kiwon kaji, da hanyoyin adana hatsi, su kuma su koya wa maƙwabtansu. Tunanin da ke bayan shirin shi ne cewa kula da ƙasa da iri amana ce, kuma manomin da ya bar ƙwari suka cinye hatsinsa a rumbu ya yi sakaci da abin da Allah ya riga ya ba shi.

Tanadi ta hannun 'yan'uwa

Sabon Alkawari ya nuna cewa mafi yawan amsar addu'ar mabukaci a hannun wani mai bi take zuwa. A Ayyukan Manzanni sura 4 masu gonaki da gidaje sun sayar sun kawo kuɗin ga manzanni, har aka ce babu mai rashi a cikinsu. Da aka yi ƙorafin cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas, su kula da rabon. Da annabi Agabas ya faɗi zuwan yunwa a zamanin sarkin Roma Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa gwargwadon ƙarfin kowa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu, wato Bulus.

Bulus ya shafe shekaru yana tara wa talakawan Urushalima taimako daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya. A wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, sura 8, ya dawo da labarin manna ya yi hujja da shi: a jeji wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba, don haka yalwar wannan ikilisiya ta rufe gibin waccan, wata rana kuma a juya. Alkawarin nan da ake yawan ambata a Filibiyawa sura 4, na cewa Allah zai biya kowace bukata, an rubuta shi ne ga mutanen da suka aika wa Bulus taimako yana kurkuku, alhali su ma ba masu hali ba ne. Wasiƙar Yakubu kuma ta ce bangaskiyar da ke sallamar mai yunwa da fatan alheri kawai matacciya ce.

Misali daga tarihi

George Müller, haifaffen Jamus a 1805, ya yi hidima a birnin Biristol na Ingila. Tun a 1830 ya daina karɓar albashin da aka yanka masa. A 1836 ya buɗe gidan marayu na farko da 'yan mata talatin, bisa ƙa'ida biyu: ba zai roƙi kowa kuɗi ba, ba kuma zai ci bashi ba. Tsakanin 1849 da 1870 aka gina manyan gidaje biyar a Ashley Down masu ɗaukar yara kimanin dubu biyu, kuma kafin rasuwarsa a 1898 marayu fiye da dubu goma sun bi ta hannunsa. Abin lura shi ne yadda ya haɗa addu'a da lissafi. Yana rubuta kowace kyauta komai ƙanƙantarta, yana fitar da rahoto a kai a kai, kuma kuɗin da aka bayar don wani aiki ba ya karkatar da shi ga wani. Mutane ne suka kawo abinci da kuɗi, shi kuma ya ɗauke su a matsayin amsar addu'a.

Wannan tsari ya yi tasiri a kan Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ta ƙasar Sin a 1865, daga nan ya yaɗu zuwa ƙungiyoyin da suka kawo bishara arewacin Najeriya. A Disamban 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas ba tare da wata babbar ikilisiya da ta ɗauki nauyinsu ba. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Sai a ƙoƙari na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902, wadda daga gare ta aikin mishan ta SIM ya bunƙasa har aka sami ikilisiyar ECWA a 1954. Masu bishara 'yan ƙasa da suka biyo baya sun rayu a kan irin wannan dogara, galibi da 'yar gona a bayan majami'a da ɗan abin da masu bi suka kawo.

A gida da gona da majami'a

Ga manomi mai bi, gwajin yakan zo ne a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo bai nuna ba. Uwargida ta leƙa rumbu ta rage awon tuwon dare, maigida yana neman kuɗin taki, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, ga kuɗin makaranta yana jiran Satumba. A gidaje da yawa akan taru da asuba ko bayan tuwon dare a karanta 'yan ayoyi, a ambaci bukatun ɗaya bayan ɗaya da sunansu: ruwan sama, takin, maganin yaron, bashin da ake bin gidan. Gari na wayewa kowa ya ɗauki fartanya. Irin da aka ware don shuka ba a taɓa shi ko da tuwo ya yi ƙaranci, domin manomi ya san cewa binne hatsi a ƙasa alhali ciki na kuka shi ne kaɗai hanyar ganin kaka.

Da kaka akan yi sujadar godiya. Ana shigowa majami'a layi layi da waƙa, gida gida ko ƙungiya ƙungiya, wani da damin dawa, wani da buhun masara, wata da ƙwaryar gyaɗa ko kaza a hannu, ma'aikacin gwamnati da ambulan. Akan jibge kayan a gaban bagade a yi addu'a a kansu, daga baya dattawa su ware na gidan fasto, na aikin bishara, da na gwauraye da marayu. Wanda gonarsa ba ta yi ba shi ma yakan fito da ɗan mudunsa, sau da yawa kuma abin da zai koma gidansa daga rabon ya fi abin da ya kawo.

Ƙungiyar Zumuntar Mata tana ɗauke da kaso mai yawa na wannan hidima a ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da sauransu. Su ne masu kai itace da hatsi gidan makoki, masu zuwa asibiti da abinci, masu haɗa adashi don wata ta sami jarin ƙosai ko ɗinki. A birni kuwa, inda albashi yake ƙarewa kafin wata, musamman tun tashin farashin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, dogara tana bayyana a wurin ma'aikacin da ya ƙi cin hanci alhali kuɗin haya ya zo, da 'yar kasuwar da ta ƙi tauye mudu. Mai gaskata cewa abincinsa a hannun Allah yake ba shi da hujjar nemansa ta hanyar zalunci.

Bambanci da bisharar wadata

Akwai koyarwar da ta yaɗu a Afirka tun daga shekarun 1980, wadda take cewa dukiya da lafiya haƙƙin kowane mai bi ne, kuma wanda ya "shuka iri" na kuɗi a hannun mai wa'azi zai girbe ninki. Masanan tauhidi na ƙungiyar Lausanne da suka yi taro a Akropong ta ƙasar Ghana a 2008 da 2009 sun yarda cewa Allah yana kula da jin daɗin mutane kuma talauci ba abin so ba ne, amma sun ƙi wannan koyarwa domin ta mai da baiko ciniki, tana kuma azurta masu wa'azi da kuɗin talakawa. Illarta mafi zafi ita ce tana ɗora wa matalauci da marar lafiya laifin ƙarancin bangaskiya a kan wahalar da suke ciki. Bulus ya gargaɗi Timoti game da masu ɗaukar ibada hanyar samun riba, ya ce abinci da sutura sun isa a gode, ya kuma kira son kuɗi tushen mugunta iri iri. Baiko da zakka a koyarwar manzanni godiya ce a kan abin da aka riga aka karɓa, ana bayarwa da yardar rai gwargwadon hali.

Lokacin rashi da jinkiri

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa masu aminci sukan rasa ba. Ayuba ya yi asarar dukiya da 'ya'ya da lafiya ba don wani laifi ba, kuma an tsawata wa abokansa da suka nace cewa zunubinsa ne ya jawo. Bulus ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi cikin abin da ya sha, ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jiki har sau uku aka ba shi alherin jurewa a maimakon waraka. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da ƙudurin yin murna da Allah ko da itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke kuma ya watse. Wadar zucin da Bulus ya yi maganarta a Filibiyawa, ya ce koyonta ya yi, a cikin ƙoshi da cikin yunwa.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nigeria (EYN), wadda aka fara aikinta a Garkida a 1923, ta ga wannan a zamanin nan. Mafi yawan 'yan matan da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma a Oktoban shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatarta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Dubban iyalai sun bar gonaki ba a girbe ba. Abin da ya riƙe da yawansu shi ne gidajen dangi da na masu bi a Yola da Jos da Abuja da suka buɗe ƙofa, da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye wasu, da gudummawar ikilisiyoyi na ciki da waje. Wasu kuwa ba su tsira ba, kuma koyarwar Kirista ba ta da wani lissafi da zai bayyana dalilin da ya sa aka ceci wannan aka bar wancan.

Saboda haka masu koyarwa sukan ba mai bi da ke cikin rashi shawara huɗu. Ya kai kukansa ga Allah a fili kamar yadda masu zabura suka yi, ba tare da ɓoye zafin ba. Ya faɗa wa dattawa ko 'yan'uwa halin da yake ciki, domin kunyar faɗar bukata takan toshe hanyar da taimako zai biyo. Ya ci gaba da duk aikin halal da hannunsa ya samu, komai ƙanƙantarsa. Ya kuma riƙa tuna lokutan da aka fisshe shi a baya, yana gode wa Allah a kansu. A ɗaya ɓangaren, nauyi yana kan ikilisiya ta san gidajen da ke cikin matsi tun kafin su yi magana, ta riƙe asusun taimako da gaskiya da lissafi a bayyane, ta kuma nemi adalci ga ma'aikacin da aka hana haƙƙinsa da manomin da aka raba da gonarsa, tun da yunwa da yawa daga zaluncin mutane take fitowa. Begen ƙarshe na mai bi yana kan tashin matattu da mulkin da aka yi alkawarin babu yunwa a cikinsa, kuma wannan bege ne yake ba shi ƙarfin yin gaskiya da kyauta a ranar da abin hannunsa bai kai ba.